Gidan Avila na Los Angeles: Mai Suna Daban, Masu Yaɓe Daban

A tsakiyar birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya, a wani siririn titi mai suna Olvera, akwai wani gidan ƙasa mai hawa ɗaya wanda dogayen benaye da manyan titunan mota suka kewaye ta kowace fuska. An gina shi a 1818, kuma hukumar birnin tana gabatar da shi a matsayin gidan zama mafi tsufa da ya rage a tsaye a cikin garin. Sunan da yake amsawa shi ne Gidan Avila, domin wani attajirin makiyayi, Francisco Avila, shi ya sa aka gina shi. Duk wanda ya ji haka zai ɗauka tarihin gidan tarihin mutumin ne. Ni kuwa a ganina, Avila ya kafa gidan ne kawai, amma abin da ya kai shi shekara ɗari biyu da 'yan kai ba dukiyarsa ba ce, ba kuma sunansa ba. Ginin ƙasa ba ya tsayawa da ƙarfin kansa. Yana tsayawa ne da hannun wanda yake duba rufinsa kafin ruwa ya sauka, yake toshe tsaga kafin ta buɗe. Idan an bi diddigin waɗannan hannaye a Gidan Avila, sai a tarar yawancinsu na mata ne, da 'yan asalin ƙasar da aka sa aikin ƙarfi, da baƙin 'yan haya, da fursunoni. Su ne masu rabo mafi girma a tarihin gidan, kuma su ne aka fi mantawa.

Garin da Avila ya shigo bai wuce ƙauye ba. An kafa shi ranar 4 ga Satumba 1781 bisa umarnin gwamnan da Sifaniya ta naɗa a yankin, Felipe de Neve, da iyalai 11, mutum 44 gaba ɗaya, waɗanda aka ɗebo daga yankunan Sonora da Sinaloa na ƙasar da yanzu ake kira Meksiko. Cikin magidanta goma sha ɗayan nan, biyu ne kaɗai aka rubuta a matsayin Sifaniyawa. Huɗu 'yan asalin ƙasa ne, sauran kuwa baƙaƙen fata ne da barbarar yanyawa. Talakawa ne da aka ba fili da dabbobi da kayan noma don su ciyar da sojojin da ke tsaron yankin. Sun zauna kusa da Yaanga, ƙauyen mutanen Tongva, waɗanda suka riga kowa zama a wurin, kuma suka haƙa babbar hanyar ruwa daga kogi zuwa gonaki. Ambaliyar 1815 ta tilasta wa garin ya ja da baya zuwa tudu, inda aka sake shata dandali, aka soma ginin cocin da aka kammala a 1822. A wannan lokaci na sake zana gari ne Avila ya sami filinsa dab da sabon dandalin, wurin da masu hali suke rububin zama.

Shi Avila haifaffen El Fuerte ne a Sinaloa, a shekarar 1772, ɗan wani soja mai suna Cornelio Avila. Ya iso Los Angeles a cikin shekarun 1790, kuma zuwa 1810 ya kai ga riƙe muƙamin alcalde, wato shugaban gari wanda ya haɗa aikin magajin gari da na alƙali, a lokacin da mutanen garin ba su fi ɗari huɗu da 'yan kai ba. Arzikinsa shanu ne. A 1823 gwamnatin Meksiko, wadda ta karɓi mulki daga Sifaniya shekara biyu kafin nan, ta mallaka masa makiyayar Las Cienegas, fili mai faɗin eka 4,439, kimanin mil 7 yamma da gari. Shanun Kalifoniya na wancan zamani ba don nama ko nono ake tara su ba, sai don ƙirgi da kitse. Jiragen ruwa daga Boston da Ingila suna tsayawa a gaɓar San Pedro su kwashi fatu don masana'antun takalma, su kwashi kitse don kyandir da sabulu, su sauke yadi da kujeru da tangaran. Ta wannan ciniki ne kayan alatu suka riƙa isowa gidan Avila a kan amalanken shanu, har da ƙofofi da tagogin da aka yi odarsu daga Boston. Abin lura a nan shi ne, gidan na gari ba shi ne mazauninsa na kullum ba. A makiyaya yake yin kwanakin aiki, sai ƙarshen mako ko ranakun biki ya shigo gari don coci da ciniki da karɓar baƙi.

Yadda aka yi ginin ba zai zama baƙo ga wanda ya san aikin maginan ƙasar Hausa ba, ko da yake akwai bambanci. A can ba a mulmula tubali da hannu. Ana kwaɓa laka da busasshiyar ciyawa, a zuba a cikin ma'aunin katako mai kusurwa huɗu, a zare katakon, a bar tubalin ya bushe a rana, sannan a jera da laka. Kaurin bangon gidan Avila ya kai ƙafa biyu da rabi zuwa uku, tsayin ɗakunan kuma ƙafa 15, abin da ke sa ciki ya yi sanyi da rana ya riƙe ɗumi da dare. Maimakon azara, an yi amfani da gungumen itatuwan da ke fitowa a bakin kogin Los Angeles. Rufin asali shimfiɗaɗɗe ne, ba mai doro ba kamar wanda ake gani yau, kuma an shafe shi da ɗanyar kwalta wadda take ɓuɓɓugowa daga ƙasa a La Brea, kusa da makiyayar Avila, a cakuɗa ta da tsakuwa da gashin doki. Ƙasan ɗakunan daɓe ne, sai daga baya aka shimfiɗa katako. Wannan aiki ne na mutane da yawa da watanni masu yawa, kuma a Los Angeles ta 1818 aikin ƙarfi kusan duka yana wuyan mutanen Tongva da maƙwabtansu. Su ke noma, su ke ɗiban ruwa, su ke kiwo, su ke buga tubali, a biya su da ɗan hatsi ko bargo ko barasa. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka taka lakar wannan gida ba, kuma rashin rubuta sunan nasu shaida ce a kan matsayin da aka ba su.

A nan ne lissafin shekaru yake da amfani. Avila ya rasu a 1832, wato shekara 14 bayan gina gidan. Matarsa ta farko, María del Rosario Verdugo, ta rasu a 1822, ya auri María Encarnación Sepúlveda, wadda yarinya ce ƙarama a lokacin, kuma ita ta ci gaba da zama a gidan har rasuwarta a 1855. Shekarunta a cikinsa sun ninka nasa har da ƙari. Rufin kwalta kuwa ba ya haƙuri da sakaci: da zafi ya narke ya riƙa ɗiga ta gefen bango, da sanyi ya tsattsage, don haka dole a sake shafa shi kafin ruwan hunturu, wanda shi ne daminar wannan yanki. Bango yana son sabon yaɓe da farar ƙasa, gindinsa yana son a kore masa ruwa, domin danshi daga ƙasa yake hawa ya cinye tubalin daga tushe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a ginin ƙasa tsagar shekara guda ta isa ta zama rushewar ɗaki a shekara ta uku. Duk wannan ɗawainiya, shekara 23 a jere bayan mutuwar maigida, tana hannun Encarnación da masu yi mata hidima.

A zamaninta ne abin da ya fi jawo wa gidan suna ya faru. Amurka ta shiga yaƙi da Meksiko a 1846, ta kama Los Angeles, mutanen garin suka yi bore suka kori sojojin da aka bari. A farkon Janairu 1847 Kwamanda Robert Stockton ya dawo da runduna, aka gwabza a kogin San Gabriel ranar 8 ga wata da kuma La Mesa washegari, ranar 10 ga wata ya shiga gari. Encarnación ta fice zuwa bayan gari, kuma labarin da ake bayarwa shi ne ta bar wani yaro ya tsare gida, kiɗan badujalar sojoji ya ja shi waje, hafsoshi suka leƙa suka ga kayan ɗaki masu kyau, suka mai da gidan hedkwatar Stockton. Ranar 13 ga wata aka sa hannu a yarjejeniyar Cahuenga wadda ta kawo ƙarshen faɗan a Kalifoniya, kuma zaman nasu a gidan bai wuce kwana tara ba. Waɗannan 'yan kwanaki ne daga baya aka riƙa ɗagawa a matsayin hujjar darajar gidan ga Amurkawa. Abin yana da ciwo idan aka duba shi da kyau: matar da ta riƙe gida shekara talatin da wani abu ta shiga labarin ne a matsayin wadda ta gudu, sojan da ya kwana tara ba da izininta ba shi ya zama abin tunawa.

Bayan Encarnación, 'yarta Francisca da mijinta Theodore Rimpau, Bajamushe, suka zauna a gidan har 1868, sannan suka koma Anaheim. Daga nan gidan ya shiga hannun 'yan haya na kusan shekara 60. Duniyar da ta haife shi ta riga ta watse. Dokar filaye ta 1851 ta jefa masu makiyayu cikin shari'u masu cin dukiya, farin da aka yi daga 1862 zuwa 1864 ya ƙarar da shanu, layin dogo da ya haɗa garin da sauran ƙasar ya iso a 1876, mutane suka yi ta kwarara. Garin da yake da mutum 1,610 a 1850 ya haura dubu ɗari a 1900, ya wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a 1930. Masu kuɗi da bankuna da manyan kantuna suka gangara kudu, suka bar tsohon dandalin ga baƙin haure daga Meksiko da Italiya da Faransa da Sin. Gidan Avila ya zama gidan haya ɗaki-ɗaki, ya zama gidan abinci, ya zama masaukin Italiyawa. An saba kiran wannan lokaci zamanin lalacewar gidan, kuma ba ƙarya ba ne cewa ya sha wuya. Ɗakuna bakwai ne suka rage daga ginin da ya fi haka girma. Sai dai mai cewa 'yan haya ne suka kashe gidan ya kamata ya tambayi kansa ina sauran gidajen ƙasa na manyan garin suka shiga. Waɗanda suke a inda fili ya yi tsada an rushe su an kafa benayen jan bulo. Waɗanda aka bari ba kowa ruwa ya narkar da su. Gidan Avila ya tsira ne domin yana unguwar da masu jari ba su damu da ita ba, kuma domin kullum akwai talakan da yake kwana a ciki, wanda ba zai yarda ruwa ya zubo masa a gado ba tare da ya hau ya toshe ba. Kuɗin hayarsa kuma shi ya ba magada dalilin barin gidan a tsaye.

A 1926 wata mata mai suna Christine Sterling, haifaffiyar Oakland, ta ga titin Olvera ya zama lungun shara, gidan kuma ya kusa zama kango. A 1928 hukumar birni ta manna masa takardar rushewa. Sterling ba ta da kuɗi ko muƙami, amma tana da naci. Ta nemo magadan Rimpau ta karɓi hayar gidan, ta kafa babban allo a gabansa tana sukar hukuma, ta ja hankalin Harry Chandler, mai jaridar Los Angeles Times, wanda ya tara mata attajirai ya kuma buɗe mata shafukan jaridarsa. Majalisar birni ta janye umarnin. Shugaban 'yan sanda James Davis ya ba ta fursunoni su yi aikin haƙa da shimfiɗa titin, kuma ranar 20 ga Afrilu 1930 aka buɗe Olvera a matsayin kasuwar kayan Meksiko wadda ba a shiga da mota. Gwamnatin jiha ta mallaki gidan a 1953. Sterling kanta ta ƙare rayuwarta a cikinsa, bayan an tashe ta daga gidanta na Chavez Ravine, unguwar da aka share aka gina filin wasan ƙungiyar Dodgers. A gidan Avila ta zauna har rasuwarta a 1963.

Mai kare Avila zai ce, duk wannan gaskiya ne, amma da bai kashe dukiya ya yi bango mai kaurin ƙafa uku a kan tudu ba, da babu abin da matan da 'yan hayar za su riƙe. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ga dalilin ƙwace masa ita ba. Zaɓen wuri da kaurin bango sun taimaka, haka ma kusanci da dandali, wanda ya sa gidan ya shiga cikin yankin da aka keɓe don tarihi. Amma kauri kaɗai bai ceci kowa ba. A daidai wannan dandali akwai gidan Lugo, ginin ƙasa mai hawa biyu wanda ya fi na Avila girma da ƙawa, wanda har ya taɓa zama mazaunin kwalejin St. Vincent. An rushe shi a 1951, lokacin aikin babban titin mota, duk da ƙorafin Sinawan da suke zaune da sana'a a cikinsa. Bangonsa bai gaza ba. Abin da ya rasa shi ne mai faɗa a ji da zai tsaya masa. Wannan ya nuna cewa hannun da ke riƙe gida iri biyu ne, mai yaɓe da mai magana a gaban hukuma, kuma gidan Avila ya yi sa'ar samun duka biyun a lokutan da ya buƙace su.

Suka mafi ƙarfi daga wani ɓangaren take fitowa. Masana tarihi da yawa, tun daga Carey McWilliams, sun nuna cewa Turawan Kalifoniya sun ƙirƙiri wani tarihi na mafarki game da zamanin Sifaniya, mai cike da kiɗa da rawa da dawakai, wanda littafin Ramona na 1884 ya taimaka wajen yaɗawa, kuma sun so wannan mafarkin fiye da yadda suka so mutanen Meksiko masu rai da ke gabansu. A ganin waɗannan masana, abin da Sterling ta yi ba ceton tarihi ba ne, shirya dandalin wasa ne don masu yawon buɗe ido. Hujjojinsu ba na wasa ba ne. Ranar 26 ga Fabrairu 1931, wata goma bayan buɗe kasuwar, jami'an shige da fice suka kewaye dandalin da ke bakin titin suka tsare mutane kusan 400, a wani ɓangare na korar 'yan Meksiko da aka yi a shekarun karayar tattalin arziki. A 1932 mai zane David Alfaro Siqueiros ya zana wani ɗan asalin ƙasa a gicciye ƙarƙashin gaggafa a bangon wani bene da ke kallon titin, aka bi zanen da farin fenti aka rufe, sai a 2012 aka sake buɗe shi ga jama'a bayan gyara. Na yarda da wannan suka baki ɗaya dangane da labarin da aka lulluɓe gidan da shi. Inda na rabu da ita shi ne inda take son ta mai da ceton kansa abin banza. Da an bi takardar 1928, yau babu bangon da za a tsaya a gabansa a yi gardama a kan wa ya taka lakarsa. Labarin da aka karkata ana iya miƙe shi daga baya, kuma ana kan miƙewa. Ginin da aka baje ba ya dawowa. Ƙari a kan haka, rumfunan da Sterling ta kafa sun zama abincin iyalai 'yan asalin Meksiko, wasunsu tsatso bayan tsatso, kuma waɗannan mutane ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne.

Saura masu cewa gidan da ake gani yau ba na 1818 ba ne. Girgizar ƙasar San Fernando ta 9 ga Fabrairu 1971 ta yi masa mummunar ɓarna, aka rufe shi shekaru, aka yi masa babban gyara kafin a sake buɗewa a rabin ƙarshe na shekarun 1970. Rufinsa ba na asali ba ne, ƙasan ɗakunansa ba na asali ba ne, yaɓensa an sake shi ba adadi. Wannan ƙorafi yana auna ginin ƙasa da ma'aunin ginin dutse, kuma kuskuren ke nan. Babban masallacin Djenné a Mali, duk shekara mutanen gari suke fitowa su yi masa sabon yaɓe, kuma ba wanda ya taɓa cewa don haka ya tashi daga zama masallacin Djenné. Sabuntawa ita ce hanyar da irin wannan gini yake daɗewa, shi ya sa ma masu kula da tsofaffin gine-gine a Amurka suke hana shafa wa bangon ƙasa siminti, domin siminti yana kulle danshi a ciki tubalin ya ruɓe a ɓoye. Abin da ya ci gaba tun 1818 shi ne wurin, da tsarin ɗakunan da suka rage, da jikin bangon, da kuma jerin mutanen da ba su bari aikin ya yanke ba. Ma'aikatan da suka ɗinke tsagogin 1971 suna cikin wannan jeri, daidai da waɗanda suka buga tubalin farko.

Yau gidan wurin tarihi ne da ake shiga kyauta, an ƙawata ɗakunansa yadda gidan mai hali yake a shekarun 1840, da gado da teburin cin abinci da hotunan addini. Wannan zamani ne da Avila ya riga ya yi shekaru a kabari, wato ɗakunan da baƙo yake kallo ɗakunan Encarnación ne, ko da sunan mijinta ne a bakin ƙofa. Ba na neman a sauke sunan Francisco Avila. Shi ya kafa gidan, kuma haƙƙinsa ne a ambace shi. Amma shekara 14 cikin fiye da 200 ba su isa su cinye labarin duka ba. Mutanen Tongva da suka gina, da matar da ta riƙe, da 'yan hayar da suka yi shekara sittin a ciki, da fursunonin da suka shimfiɗa titin, sun cancanci wuri a bayanin da ake yi wa baƙi daidai da girman aikinsu. Duk tarihin wannan gida da ya tsaya a kan maigidan da kwana taran Stockton, ya bar mafi yawan abin da ya faru a waje.